TARIHIN KALMAR "KO": YADDA HARSHEN LOJBAN YA KOYI BA DA UMARNI DA ROƘO



Yau ba darasin gyaran caji ko canjin sikirin na zo da shi ba. Tarihi ne, kuma da ɗan tsawo, don haka mai sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa. Amma masu sana'a irin tawa ku daure ku kai ƙarshe, abin ya shafe mu kai tsaye.

Bari in fara da abin da ya jawo.

Shekara biyu da suka wuce wata Hajiya ta kawo min waya shago, ta ce, "Injiniya, don Allah a ɗan goge min ita." Lokacin ina tsakiyar ɗaga sikirin ɗin wata wayar, hannuna duk gam, sai na miƙa wa yaron da yake koyon aiki a wurina na ce, "Goge wannan." Bayan minti goma ya dawo da ita fes, kamar yau aka ciro ta daga kwali. Ashe fomat ya yi mata. Ita kuwa Hajiya ƙurar da ta toshe sifika da bakin caji take nufi. A cikin wayar akwai saƙonnin murya na mahaifiyarta da ta rasu, kuma ba a taɓa ajiye su a wani wuri ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon wayar, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta tafi. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Laifin nawa ne, ba na yaron ba. Na ba da umarni da kalma ɗaya mai fuska biyu, shi kuma ya ce "to" ya tafi. Tun daga ranar nake bin wata tambaya: shin akwai waɗanda suka taɓa zama suka tsara hanyar ba da umarni wadda ba za a yi mata fahimta biyu ba? Ashe akwai. Sun shafe shekaru masu yawa a kai, har kotu sai da suka je. Harshen da suka ƙera sunansa Lojban.

MATSALAR DA TA GIRMI HARSHEN

Wanda ya taɓa zama gaban malamin Balaga zai tuna an raba magana gida biyu, habari da insha'i. Habari shi ne zancen da za a iya ce wa mai shi ka yi gaskiya ko ka yi ƙarya, kamar "wayar ta mutu". Insha'i kuwa ba ya karɓar gaskiya ko ƙarya: umarni, hani, tambaya, kira. In na ce maka "kawo caja", ba za ka ce min "ƙarya kake" ba. Ko dai ka kawo, ko ka ƙi.

Ilimin manɗiƙi na zamani, wanda Bajamushe Gottlob Frege ya aza tubalinsa a 1879, an gina shi ne a kan kashi na farko. Kowace magana ko gaskiya ce ko ƙarya. Irin wannan lissafin na eh ko a'a ne yake gudana a cikin kowace kwamfuta da kowace waya. Umarni sai ya zama baƙo a gidan.

A ƙarshen shekarun 1930 wani masanin falsafa ɗan ƙasar Denmak, Jørgen Jørgensen, ya fito da matsalar fili. Manɗiƙi da gaskiya da ƙarya yake aiki, umarni ba shi da ko ɗaya, amma kullum mutane suna ciro hukunci daga umarni. In shugaban kasuwa ya ce a rufe duk shaguna, kai kuma kana da shago, ka san ka rufe naka. To da wace doka ka ciro wannan?

A 1941 wani ɗan ƙasarsu, masanin shari'a Alf Ross, ya ƙara dagula lissafin. A manɗiƙi, in magana gaskiya ce, ko ka liƙa mata "ko kaza" tana nan gaskiya. In wayar tana shago, to "wayar tana shago ko tana gida" ma gaskiya ne. Ross ya gwada wannan doka a kan umarnin aika wasiƙa, sai ga shi an ciro "aika ta ko ka ƙona ta". Ɗan aike ya cinna mata wuta ya ce ai umarni ya bi.

Ka riƙe wannan a ranka. Duk wanda zai gina harshe a kan manɗiƙi sai ya nema wa umarni wurin zama.

1955: LOGLAN

Mutumin da ya fara gwadawa shi ne Dakta James Cooke Brown, Ba'amurke masanin zamantakewa da ya koyar a Jami'ar Fulorida. A 1955 ya fara ƙera wani harshe da ya kira Loglan, wato an gutsuro sunan daga kalmomin Turanci biyu masu nufin "harshen manɗiƙi". Manufarsa gwaji ce. Akwai wani ra'ayi da ake jingina wa masana harshe biyu, Edward Sapir da Benjamin Lee Whorf, cewa harshen da mutum yake magana da shi yana tasiri a yadda yake tunani. Brown ya ce to bari a ƙera harshe mai tsarin manɗiƙi, a koya wa mutane, a ga ko tunaninsu zai canza.

Duniya ta san da aikin a watan Yunin 1960, da mujallar Scientific American ta buga maƙalarsa. Nan da nan wasu suka hango masa wani amfanin daban: magana da na'ura. A 1966 marubuci Robert Heinlein ya fitar da littafin ƙagaggen labari mai suna The Moon Is a Harsh Mistress, a cikinsa akwai kwamfutar da ake yi wa magana da Loglan.

To yaya Loglan yake ba da umarni? Hanyar da Turanci yake bi ya ɗauka, wadda mu ma muke bi a Hausa: a cire mai aikatawa a bar aikin tsirara. Muna cewa "Audu ya zo", in za mu yi umarni sai mu ce "Zo!" A Loglan kalmar tafiya ita ce "godzi". In ka faɗe ta ba kowa a gabanta, ka ce "Tafi!" kenan. In kana son ladabi sai ka ƙara 'yar kalma "eo", kwatankwacin "don Allah".

Da gani abin ya yi sauƙi, amma akwai rami a ciki. A makaranta an koya mana suna daban, aikatau daban, sifa daban. Loglan bai yi wannan rabon ba. Kalmar tafiya, kalmar shuɗi da kalmar wuta duk aji ɗaya ne, kowacce tana faɗin cewa wani abu kaza ne. Yanzu a ce batir ya kama a shago ka ƙwala ihu "Wuta!" kamar yadda kowane Bahaushe zai yi. A dokar Loglan, tunda ba kowa a gaban kalmar, umarni ka bayar: "Zama wuta!" In kana so ka sanar ne kawai, dole ka cike gurbin farko da wani abu.

1987: RABUWA DA HAIHUWAR LOJBAN

A shekarun 1980 saɓani ya shiga tsakanin Brown da wasu masu aiki a kan harshen. Shi yana ganin cibiyarsa ce take da haƙƙin mallakar kalmomin. Su kuma suna ganin harshen da sai an nemi izini kafin a yi aiki da shi ba zai taɓa rayuwa ba. A 1987 Bob LeChevalier da Nora Tansky da wasu abokansu suka kafa ƙungiya mai suna Logical Language Group a yankin birnin Washinton, suka fara sake ƙera kalmomin daga tushe don kada a ce sun ɗauki kayan wani.

Loglan ya samo sautin kalmominsa daga harsuna takwas. Sabuwar ƙungiyar ta rage su zuwa shida: Sinanci, Turanci, Indiyanci, Sifaniyanci, Rashanci da Larabci. An ajiye Faransanci da Jamusanci da Japananci, Larabci kuma ya shigo. Aka sa kwamfuta ta riƙa haɗa sautuka tana fitar da kalma mai harafi biyar wadda ta fi kama da kalmomin harsunan nan. Misali littafi shi ne "cukta", ana karanta shi shukta. In ka kasa kunne za ka ji "shu" na Sinanci, da "buk" na Turanci, da ƙamshin "kitab" na Larabci. Tushen kalmomi sama da 1,300 aka fitar a haka. Sunan harshen ma daga biyu cikinsu aka haɗa shi: "logji" manɗiƙi, da "bangu" harshe.

Rigimar ta kai kotu a kan sunan Loglan kansa. A 1992 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta tabbatar da cewa kalmar suna ce ta gama-gari, ba tambarin kasuwancin wani ba.

Wani abin da zai burge masu harkar kwamfuta: an gwada nahawun Lojban da manhajar YACC, wadda Stephen Johnson ya rubuta a Bell Labs a shekarun 1970 don gina harsunan kwamfuta. Manufar ita ce kowace jimla ta kasance hanya ɗaya tak ake feɗe ta. Dubi wannan Hausar: "Kawo cajar wayar da ta lalace." Wace ce ta lalace, cajar ko wayar? Irin wannan ruɗanin ne nahawun Lojban ya toshe.

A wannan sabon ginin ne aka canza dokar umarni.

SHIGOWAR "KO"

Kafin misalai, ga yadda ake karatu. Harafin c ana faɗinsa sh. Harafin x kamar "kh" na Larabci. Harafin j kamar na Faransanci, mai laushi. Alamar ' tsakanin wasula biyu ana faɗinta h. Ɗigo a jikin kalma kuma yana nufin ka ɗan tsaya.

Kowane tushen kalma a Lojban yana zuwa da gurabensa a jere, kamar ramukan da ke jikin allon waya, kowane rami da abin da ake dasawa a ciki. "dunda" tana da uku: mai bayarwa, abin da aka bayar, wanda aka ba. "klama" tana da biyar: mai tafiya, inda za shi, inda ya fito, hanyar da ya bi, da abin hawansa.

"mi" shi ne ni. "do" shi ne kai, ke ko ku, ba ruwansa da namiji ko mace, ɗaya ko da yawa. Waya kuma "fonxa", gyara "cikre".

do cikre le fonxa = kana gyara wayar.

Wannan habari ne, ana iya gaskata shi ko ƙaryata shi. Abin da masu Lojban suka yi shi ne, sun ƙera wa "do" ɗan uwa mai suna "ko". Kada ka haɗa shi da "ko" ɗinmu na "shayi ko koko", kama ce kawai ta sauti. Nasu ma'anarsa ita ce: kai mai saurare, ka sa wannan jimlar ta zama gaskiya.

ko cikre le fonxa = gyara wayar!
ko denpa = jira!
ko dunda le fonxa mi = ba ni wayar!
ko na pencu ti = kar ka taɓa wannan!

Ka ga dabarar? Jimlar ba ta canza siffa ba ko kaɗan. Umarni ya zama habarin da bai tabbata ba tukuna, tare da alamar wanda aka ɗora wa nauyin tabbatar da shi. In kana so ka san ko an bi umarni, mayar da "do" inda "ko" yake, ka duba ko jimlar ta zama gaskiya. Wannan bai kashe muhawarar su Ross ba, har yau masana suna yinta, amma ya ba umarni kujera a cikin harshen ba tare da an karya tsarinsa ba.

Riba ta biyu: kalma tsirara ta samu 'yanci. Yanzu in ka ce "fagri" kawai, ka ce "Wuta!" kenan, sanarwa, kamar dai a Hausa.

Riba ta uku ita ta fi ba ni mamaki. Tunda "ko" kalma ce mai zaman kanta, tana iya shiga kowane gurbi, ba sai na farko ba. "tirna" shi ne ji: wane yana jin kaza.

ko tirna mi = ka ji ni!
mi tirna ko = ka yi yadda zan ji ka!

Ta biyun ita ce abin da muke nufi in sabis ya yi rauni muna ta cewa "ɗaga murya", "matsa waje", "cire hannunka daga bakin wayar". Ba ka faɗa masa yadda zai yi ba, sakamakon da kake so kawai ka faɗa. Haka "mi viska ko" a kiran bidiyo: ka yi yadda zan gan ka.

In mutane suna da yawa kuma kana so a san da wa kake, sai ka sa "doi" da sunan mutum. Sunaye a Lojban da baƙi suke ƙarewa, don haka Musa sai ya koma musas: "doi musas. ko denpa", Musa, jira.

ROƘO, SHAWARA DA IZINI

Umarni tsirara bai isa rayuwa ba. A Hausa "Zauna!" daban, "ka zauna" daban, "ɗan zauna mana" daban, "a zauna, ranka ya daɗe" daban. Aikin ɗaya ne, amma wanda ya yi wa surukinsa ta farko ya san abin da zai biyo baya.

Lojban ya raba aikin gida biyu. "ko" tana nuna wa zai yi. Halin da mai magana yake ciki kuma, ko roƙo yake ko shawara ko izini, an ba shi wasu ƙananan kalmomi nasa daban:

.e'o (eho) = roƙo. Jikar "eo" ɗin Loglan ce. ".e'o ko denpa", don Allah ka jira.
.e'u (ehu) = shawara. ".e'u mi'o klama", mu tafi mana. "mi'o" shi ne ni da kai.
.e'a (eha) = izini. ".e'a do zutse", kana iya zama.
.ei = wajibi. ".ei do pleji", ya kamata ka biya.

In ka liƙa "nai" a baya sai ma'anar ta juya. ".e'anai" hani ne, ".e'unai" kuma gargaɗi. Ka ga "ban yarda ka taɓa ba" da "ban ba ka shawarar ka taɓa ba" an raba su tun daga kalmar farko. In kuma ka liƙa "pei" ka mayar da abin tambaya: ".e'apei mi klama", ka ba ni izini in tafi?

Har maɓallin ƙara da rage ƙarfi aka yi musu, kamar na sautin waya. "ru'e" kaɗan, "sai" da ƙarfi, "cai" matuƙa. ".e'oru'e" shi ne "in ba damuwa", ".e'osai" shi ne "don Allah dai", ".e'ocai" kuma shi ne roƙon kwastoman da wayarsa ta faɗa ruwa ana gobe zai rubuta jarrabawa a kanta. Akwai kuma "pe'u", wadda ake haɗawa da sunan wanda ake roƙo, da "ki'e" ta godiya.

Sai maganar girma. Malaman Balaga sun ce in neman abu ya fito daga babba zuwa ƙarami umarni ne, in tsakanin tsara ne iltimasi ne, in daga ƙarami zuwa babba ne roƙo ne, alhali siffar kalmar ɗaya ce. Lojban ya ba wannan bambancin kalma tasa, "ga'i". In ka ce "ko ga'i zutse" ka nuna kana sama da wanda kake wa magana. In ka ce "ko ga'inai zutse" ka ƙasƙantar da kanka, daidai da "a zauna, ranka ya daɗe". Ba dole ba ne ka sa ta. In ba ka sa ba, ba ka ce komai a kan matsayi ba.

KALMOMIN DA AKA ARO DAGA REDIYON OBA-OBA

Umarni rabi ne, amsa ce ɗaya rabin. A nan masu Lojban suka leƙa wurin mutanen da kuskuren fahimta yake iya kashewa: matuƙa jirgi da sojoji masu magana ta rediyo. Su suna da kalmomi biyu da ba a haɗa su. "Roger" na nufin saƙo ya iso. "Wilco" na nufin saƙo ya iso kuma zan aikata. Lojban ya yi wa kowacce tata:

je'e = na ji, na gane.
vi'o = na ji, zan yi.
vi'onai = na ji, ba zan yi ba.
ke'o = maimaita.
ju'i = a saurara!
re'i = ina jinka.
be'e = in yi magana?
mu'o = na gama, kai nake jira.
fe'o = na rufe layi.

Mujallar da ƙungiyar ta riƙa bugawa ma sunanta "ju'i lobypli", wato a saurara, masu amfani da Lojban.

Yanzu dubi namu "to". Kwastoma ya ce "ka gama min kafin la'asar", ka ce "to". Shi ya ji vi'o, kai kuwa je'e kake nufi. La'asar ta yi ya dawo, rigima ta tashi, kuma a cikinku ba wanda ya yi ƙarya. Rabin faɗan da ake yi a kasuwar waya daga wannan "to" ɗin yake farawa.

Na'urorin da muke taɓawa kullum ma da irin wannan tsarin suke aiki. Tun 1981 kamfanin Hayes ya fito da umarnin modem masu farawa da AT, gutsuren kalmar Turanci mai nufin "a saurara", aikin ju'i kenan. Har yau modem ɗin da ke cikin waya yana jin su, ya amsa da OK ko ERROR. Mai yin fulashin da fastboot shi ma ya san ba ya matsawa gaba sai ya ga OKAY.

1997 ZUWA YAU

A 1997 aka buga cikakken littafin nahawun harshen, The Complete Lojban Language, na John Cowan. Ƙungiyar ta ce an daskarar da dokoki na tsawon shekara biyar, ba ƙari ba ragi, don mutane su samu su koya ba tare da ana canza musu ƙasa a ƙarƙashin ƙafa ba. Brown ya rasu a shekarar 2000. Wa'adin daskarewar ya cika a 2002, daga nan aka kafa kwamitin da zai duba gyare-gyare.

Da mutane suka fara hira da harshen a intanet, sai wasu giɓi suka bayyana a ɓangaren umarni. "ko" mai saurare kaɗai take kamawa. To yaya za ka ce "ya shigo" ga wanda ba ya wurin, ko "a kawo ruwa" ba tare da ka nuna wa zai kawo ba? Hausa tana yin wannan cikin sauƙi da "ya", "su", "mu" da "a". A Lojban sai an koma kan su .e'o da .e'u. Shi ya sa masu amfani da yawa suka ja kalmar ".e'i", wadda a littafin 1997 take nufin jin takura, suka mayar da ita alamar umarni kai tsaye. ".e'e" kuma, wadda take nufin jin iyawa, ta koma ta ƙarfafa gwiwa, kamar "daure, za ka iya". Wasu ma suka ƙirƙiro kalmar gwaji "ko'oi" wadda za a iya liƙa wa kowa a cikin jimla. Ka ga harshen da aka zana da rula, da ya shiga bakin mutane shi ma sai da ya motsa.

Mafarkin 1966 kuwa bai tabbata yadda aka zata ba. Yau muna yi wa waya magana ta amsa, amma da harsunan mutane, ba da Lojban ba. Harshen ya tsaya a hannun 'yan tsirarun masu sha'awa da ke warwatse a duniya. Sun kafa ƙamus a intanet mai suna jbovlaste, suna da Wikipedia tasu, kuma sun fassara littattafai irin su Alice in Wonderland.

DA LOJBAN ZAI CECI WAYAR HAJIYA?

Na zauna na gwada. A Lojban wanke datti "lumci" ne, cire abu daga abu kuma "vimcu". Kalmomi biyu ne da ba sa haɗuwa, don haka "ko lumci le fonxa" ba zai taɓa zama fomat ba. Ta wannan fuskar, eh, da ya cece ta.

Amma harshen bai hana ka barin gurbi fanko ba. Kana iya cewa "ko vimcu" ka yi shiru, cire kawai, kuma nahawu bai karye ba. Abin da yake yi maka shi ne ya nuna maka ramukan da ka bari. "vimcu" tana da gurbi huɗu: mai cirewa, abin da za a cire, inda za a cire shi, da abin da zai rage. Ranar da na ga gurbi na huɗun nan sai da na ajiye wayata na yi shiru. Abin da zai rage. Tambayar da ban yi wa Hajiya ba kenan, kuma ban faɗa wa yarona ba.

Ba cewa nake mu bar Hausa mu koma Lojban ba, Hausa ba ta rasa komai ba. Muna da "share ƙura" muna da "yi fomat", ni ne na yi ƙiwar faɗa. Ga dai abin da na canza a shagona tun daga lokacin, ko wani zai amfana:

1. In kwastoma ya ce a goge, a wanke, a share ko a buɗe, sai na tambaya: me za a cire, daga ina, me kake so ya rage?

2. In na ba yaro aiki, sai ya maimaita min da bakinsa abin da zai yi kafin ya taɓa wayar. In bai gane ba ya ce in maimaita, ba kunya a ciki.

3. Na hana "to" tsirara a kan aiki. Ko ka ce "na ji", ko ka ce "zan yi kafin ƙarfe kaza", ko ka ce "ba zan iya ba".

4. Ba a yin fomat ko fulashin sai mai wayar ya ji da kunnensa cewa hotuna, lambobi da saƙonni duk za su tafi, kuma an tambaye shi ko yana da ajiyarsu a wani wuri.

Wanda yake da yara masu koyon aiki, .e'o ko ya karanta musu wannan. A darasi na gaba insha Allah za mu koma kan aiki: yadda ake ajiye saƙonnin murya na WhatsApp a wuri biyu kafin a taɓa waya.

 Allah ya sa mu dace.